Yadda Saiwar Azagor Ta Mutu a Kwatano

Tun ran da na dawo daga Kwatano ban sha shayi da daɗi ba. Da na zauna bakin rumfa sai wani ya jawo benci: "Rabe, wai da gaske teku ba ta da ƙarshe?" Wani ya ce, "Wai an kama ka?" Mai gyaran moto na maƙwabta ma cewa ya yi ya ji an rufe ni kwana uku saboda kilishi. Na faɗa, na sake faɗa, har bakina ya yi tsami, kuma kowa in ya tashi sai ya ƙara nashi gishiri. To ga shi na sayi kaye, wato littafin rubutu, irin na 'yan lakwal na rubuta. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri. Shekara biyu na yi a lakwal, makarantar boko ke nan, ta biyun ma rabinta bisa iccen aduwa na yi ta, ina ɓuya kada mushe, wato malaminmu, ya gan ni. Sauran na tsinta wajen yaƙi da jahilci, gemuna ya riga ya fara fari.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Rabe mai jan kilishi. Shekara talatin ina wanga aiki a Dakoro. Kilishin kowa ja ne, amma nawa in ka ɗaga shi ga rana sai ka rantse garwashi ne. Duk garin an san dalili, don ni na faɗa masu: wata saiwa ce da wani tsohon Buzu ya nuna ma kakana a dajin Azagor, kuma an yi rantsuwa ba a faɗin sunanta. Duk shekara bayan kaka nakan naɗa rawani in hau motar arewa, in yi kwana huɗu, in dawo da ƙulli cikin aljihu, fuska a murtuke kamar wanda ya yi kokawa da aljanu. In miƙa ma maiɗakina Habsu, don ita ke dama labu, wato haɗin tunkuza da kayan yaji da ake tsoma nama ciki.

Tunda asiri ya riga ya tonu, bari in faɗa da bakina. Motar arewar nan, da mun fita bayan gari nike sauka, in zagaya in tari ta Maraɗi. Can cikin kasuwa akwai wani tsoho mai tebur, yana da gwangwani babu ko rubutu ɗaya a jikinshi, ya ɗebo mani jan gari ya ƙulle a takarda. Sauran kwana ukun in ci tsire, in kalli kokawa, in yi barci ba mai tada ni.

Ɗiyata Ramatu tana aure a Kwatano. Mijinta Lawali yana aikin takardun motocin kaya a tashar jirgin ruwa. Ita ta kai kilishina tsaraba ga wata mai babban butik, wato kanti, matar ta ci ta ce tana so a dinga kawo mata cikin sashe, ƙananan ledojin nan da ake liƙewa, Ramatu ta zama mai ƙullawa da kaiwa. Ta bugo mani waya: "Baba, na riga na ba ta baki. Na ce da kanka za ka zo a yi takardu. Don Allah kada ka ba ni kunya, wagga ce sana'ar da na samu." Na ce mi ke cikin takarda? Ai sa hannu ne, ni kuma babban yatsana bai taɓa gajiya ba.

Ran tafiya Habsu ta ɗaure mani kwali biyu na kilishi, ta ɗora faifai shida in kai ma Ramatu, irin jajayen nan da Habsun ke yi da matan unguwa ke rububi. Har na kai ƙofa ta ce, "Malam, in an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka bugo mani."

Na ce, "Ni? A kan kilishi?"

Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Daga Dakoro zuwa Maraɗi babu labari, hanyar ta san ni fiye da yadda iyalina ke zato. A Maraɗi na shiga kar, babbar motar fasinja, aka zaunar da ni kusa da wani Ba'adare ɗan kasuwar albasa, mai yawan magana da yawan gwiwa. A Madawa masu kilishi sunka taso ma tagogi. Na sayi falle ɗaya don in ga aikin abokan hamayya, na tauna na ce ma Ba'adaren, "Fata ce anka shafa ma barkono." Ya ce to in ba shi sauran. Na ce a'a, sai na gama bincike. Na bincika har ya ƙare.

Munka wuce Ƙonni, munka wuce Dutsi da Doso, ƙafafuna sunka kumbura kamar na mai ciki. A Gaya anka sauke mu duka. Wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, Bazabarme, ya dubi kartina na ɗan ƙasa, ya dubi takardar likitan dabbobi, ya ɗago ya dubi zanen fuskata. Na ga bakinshi ya fara motsi, na san ta faru.

"Bagobiri! Wa ya ba ka izinin fita ƙasa ban sani ba?"

Na ce, "Fita na yi in sayo maka wando, na ga wanda gwamnati ta ba ka ya yi maka gajere."

Takarduna lafiya lau, amma haƙƙin taubashi ba ya cikin takarda. Na yago mashi falle da hannuna. Ya ci ya lumshe ido ya ce, "Mi kake sa ma abin ga yake ja haka?" Na gyara tsayuwa na ba shi labarin Buzu da saiwa, har da yadda kakana ya kwana uku bai sha ruwa ba. Ya jinjina kai. Wannan shi ne mutum na ƙarshe a duniya da ya yarda da labarin, Allah ya saka mashi.

Munka hau gada, ruwa ƙasa, ruwa dama, ruwa hagu. Na rufe ido na kama gwiwar Ba'adare, karon farko da ta yi amfani. Hayin Malanbil anka nemi karnen allura, wato katin riga-kafi, na fiddo, mutumin ya juya shi ya miƙo mani, ashe na riga-kafin shanu na ba shi. Nawa yana cikin hula.

Daga nan ƙasa ta fara canzawa. A Faraku na ga Fulani mata na saida wani cuku mai kauri, ba irin namu falle-falle ba, wai shi wagashi, bayanshi ja jawur. Na tambayi wata da mi ake rina shi. Ta ce karan dafi, a dafa a tsoma. Na yi tsaki a raina na ce aikin ƙauye, jan kara ko a bayan gidana akwai shi. Ku riƙe wannan tsakin, zai dawo.

A Dasa yunwa ta kama ni. Anka zubo mani sakwara da wata miya mai daɗi, da wani nama baƙi-baƙi mai danƙo, na zaci ƙoda ce ta ƙasarsu. Na cinye na nemi ƙari. Sai da na suɗe hannu Ba'adare ya ce, "Ashe kana cin dodon koɗi?" Jama'a, na yi kakari bakin hanya har direba ya danna oda. Na koma wajen mai abincin ina faɗa da Hausa, tana ramawa da yarenta. Abin da nike ta maimaitawa shi ne, "Ai sai ki faɗa ma mutum abin da ke ciki kafin ya ci!" Wannan ma ku riƙe.

Kwatano gari ne da ba a tafiya ƙasa. Kowa bisa moto, wai zemijan, mai tuƙin ya sa riga ruwan ɗorawa, ya ratsa da kai tsakanin manyan motoci biyu yana waya. Zufa kuma ba ta bushewa. Mu nan in ka yi zufa iska ya shanye, can sai ta zauna tare da kai kamar dangi. Gidan Ramatu bene ne, ɗaki biyu, kuma makewayi cikin ɗaki, taki uku daga inda ake cin tuwo. Kwana biyu na yi ina riƙewa don kunya. Surukina Lawali kuwa tunda ya durƙusa ya gaishe ni ban ƙara ganin fuskarshi ba, sai ƙeya. In na fito ya shiga, in na shiga ya fita. Teku na je na gani. Ruwa ne, da yawa, kuma ba ya shayuwa. Wanda ya tambaya ya ji.

Mai butik ɗin sunanta Iya Risika, Bayarbiya ce, ta yi ƙuruciyarta a Maraɗi, Hausa a bakinta kamar tawa. Tana ganin fuskata ta tafa hannu.

"Ramatu, ba ki faɗa mani ubanki bawana ne ba! Shigo, Bagobiri, goge ƙafarka."

Na ce, "Na ji an ce wata baiwata ta yi arziki a bakin teku, na zo karɓar rabona."

Munka yi dariya, ta ba ni ruwan sanyi. Sannan ta ɗauko wani gwangwanin tumatir ta juya bayanshi ta nuna mani ƙananan rubutu kamar tururuwa. Ta ce wannan shi ne etiketi. Doka ce, duk abincin da anka rufe cikin sashe ko gwangwani sai an rubuta abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, in an sa kala a faɗi wace iri ce, in ba haka ba ba ya hawa kantarta. Gobe za mu gidan awo.

A gidan awo wata Madam ce mai farar riga da tabarau, ba ta dariya. Ramatu na fassara. Ta ce in lissafa. Na fara: naman sa, tunkuza, citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono, tafarnuwa, albasa, gishiri. Ta ce gyaɗa sai an rubuta ta da manyan baƙaƙe, don akwai mutanen da in sunka ci ko kaɗan maƙogwaronsu ke toshewa. Na yi dariya har na riƙe tebur. Na ce ma Ramatu, "Faɗa mata in gyaɗa na kisa, da jihar Maraɗi ba ta kai yau da mutum ko ɗaya ba." Ramatu ba ta fassara ba, ta taka mani ƙafa. Madam ta ce ranar lalacewa fa? Na ce kilishina bai taɓa samun damar lalacewa ba, cinye shi ake.

Sai ta ɗaga falle ga fitila, ta ce, "Jan fa?"

Na gyara hula na fara: Buzu, kakana, Azagor, ƙishirwa. Na kai wajen rantsuwa, inda mutanen Dakoro ke cewa Allahu akbar. Madam ta ce, "Sunan saiwar?"

Na ce ba a faɗi.

Ta ce to in kawo ta su gani. Na ce ba ta son tafiya mai nisa. Ta rubuta wani abu, ta sa kilishin cikin leda ta liƙe, ta ce bayan kwana huɗu awo zai fito. Kuma in abin da na faɗa daban, abin da awo ya nuna daban, to babu etiketi, kuma sunan mai neman takardar zai shiga littafinsu. Mai neman takardar ba ni ba ne. Ramatu ce.

Kwana ukun nan ban ji daɗin komi ba. Ina zaune ina tunanin gwangwanin tsohon nan na Maraɗi, ina ƙoƙarin tuna ko akwai ko da harafi ɗaya a jikinshi. Babu. Tsatsa kawai.

Rana ta uku Iya Risika ta kira mu abincin rana gidanta. Anka aje mani kwano, na buɗe, miya ja da nama tsundum. Tun abin da ya faru a Dasa ba na kai hannu sai na yi tambaya.

"Naman mi ne?"

"Sirrin kakata ne. An yi rantsuwa ba a faɗi."

"Iya, bar wasa."

"Wane wasa? Ni Musulma ce, na je Makka. Ci."

"Ke kin je. Kakar taki fa?"

Ta ci gaba da cin nata tana tsotsar ƙashi. Ƙamshi na dukan hancina, cikina na kuka, hannuna ya ƙi. Ta dube ni ta ce, "Kai ga ni gabanka, ka san sunana, ka san gidana, ɗiyarka na ci daga tukunya ɗaya, amma ka ƙi. Wanda zai ɗauki sashenka a kanta bai san ka ba, bai ga ko wannan zanen da kaza ta yi maka a fuska ba. Shi kake so ya ci?"

Na waiwaya wajen Ramatu. Ta bar ci, ta sunkuyar da kai tana juya cokali. A hankali ta ce, "Baba, in akwai wani abu, gara yau."

To na faɗa. Motar arewa, bayan gari, tsoho mai tebur, gwangwani. Iya ta ce, "Mi ke cikin gwangwanin?"

"Ban sani ba."

"Ka taɓa tambaya?"

"Na ga alama shi ma mai teburin bai sani ba, ban so in kunyata shi."

"Shekara talatin?"

Shekara talatin. Liman ya ci, masu gari sun ci, amare sun ci, ɗiyan cikina da shi sunka yi haƙora. Ashe sirrin nan ya ɓoyu har mai shi bai san shi ba. Ramatu ta ɗago, ido ya yi ja, ta ce, "To kwana huɗun da kake yi fa, Baba, muna nan muna roƙon Allah ya tsare ka daga macizai?"

Na ce, "Ni ma addu'a nike yi maku a Maraɗi."

Ba wanda ya yi dariya. Naman, akuya ce. Na ci shi a sanyaye.

Washegari na ce da kaina za ni in faɗa ma Madam, a cire sunan Ramatu a sa nawa cikin littafin. Iya Risika ta raka mu. Na shiga da hula a hannu, na zayyana komi, Ramatu na fassara tana share ido. Madam ta saurara har ƙarshe. Ta jawo takarda ta duba, ta dube ni ta saman tabarau, ta yi magana mai tsawo. Na ga bakin Ramatu ya buɗe.

"Baba, wai ba su ga kalar kanti ko ɗigo ba. Wai jan na tsiro ne, irin wanda ake rina wagashi da shi. Wai abin da ya ba ta mamaki kawai da ka ce saiwa, don wannan kara ne."

Na ce a sake dubawa, kila kilishin wani ne anka auna. Wato ni ne nike gardama cewa ni mai laifi ne, hukuma na cewa a'a. Sai maganar da Habsu ta yi mani bakin ƙofa ta faɗo mani. Na ce ma Ramatu ta bugo ma uwarta. Ita kuma don mugunta ta buɗe murya kowa na ji.

"Habsu, garin nan da nike kawo maki, ina kike sa shi?"

"Au, sun tambaye ka ke nan."

"Ba ni amsa."

"Shekarar farko na dama shi, hannuna ya yi sati bai wanku ba. Na ce wallahi wannan ba ya shiga cikin ɗiyana. Karan dafi nike dafawa da 'yar kanwa, yadda innata ke yi."

"To garin fa?"

"Kaba nike rinawa. Ba ka ga faifaina ba?"

Na tuna faifai shida da na yi dakonsu tun daga Dakoro, na tsallake gada da su ido rufe. Na rage murya na ce, "Kin san ba Azagor nike zuwa ba?"

"Haba Malam. Wa ke dawowa daga daji da ƙiba? Kuma ni ke wanke rigar, takardar tsire na cikin aljihu duk shekara."

"Mi ya hana ki magana?"

"Kwana huɗu ina hutawa, mi zai sa in yi magana?"

Iya Risika ta zame daga kujera tana riƙe da ciki. Ramatu na kuka tana dariya. Da anka fassara ma Madam, na ga haƙoranta karo na farko, ashe tana da wushirya.

Anka cika takarda, anka rubuta karan dafi inda anka bar fili. Da anka zo wajen sunan mai haɗawa na miƙa babban yatsana. Iya ta ture shi ta ce, "Kai mi ka haɗa, ban da ƙarya?" Shi ya sa in kun ga sashen, suna babba a sama na Habsu ne, da Dakoro a ƙasa, da gyaɗa da manyan baƙaƙe. Ni ba ni ciki ko cikin tururuwar. Ramatu ta samu sana'arta, kwali na tafiya duk wata.

Ran dawowa Lawali ya raka ni tasha, har yau ƙeyarshi na sani. A Gaya na ja rawani na rufe fuska kada Bazabarmen nan ya gan ni. Kafin in iso Dakoro labari ya riga ni, don Ba'adaren albasa ba shi kaɗai ke da baki ba, Ramatu ma ta gado ni. Yanzu yara in sunka gan ni sai su ce, "Baba Rabe, ya mutanen Azagor?" In ce suna gaida ubanku.

To ga shi an yi kaka. Na riga na sa rai bana babu tafiya, tunda ba ni da sauran dalili. Shekaranjiya ina zaune ina yanka nama, Habsu ta fito ta aje mani jaka a gaba, da rawanina a wanke a ninke.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Rinin kaba ya ƙare, mata na jiran faifai. Tashi ka tafi Azagor. Kuma kada in gan ka kafin kwana huɗu."

Jibi za ni. Mai saƙo a Maraɗi ya kawo tun da wuri.